Kafin Ki Sa Hannu A Takardar Tafiyar Yara Hawan Dutse



Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta shigo mini da takarda a hannu, ranta a jagule. Ƙungiyar matasan da ɗanta yake ciki ce ta shirya tafiyar ƙasa ta kwana biyar a lokacin hutu, kowane yaro da jakarsa ta goyo, a yi ta tafiya ana kwana a tanti. Yaron shekararsa 14, bai taɓa kwana a wajen gida ba sai gidan kakarsa, ga shi ya ƙi cin abinci wai sai an sa masa hannu. Mai gidan ya ce ta yi shawara. Da na karanta sai na ga inda suka nufa: Chappal Waddi, a jihar Taraba, cikin gandun Gashaka Gumti. Wannan fa shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Na ce mata, "Maman yara, tafiyar ba laifi ba ce, zaɓin wurin ne bai dace da masu koyo ba."

Ni ba na cikin masu cewa a hana. Yaron da ya ɗauki kayansa da kansa, ya dafa abincinsa, ya jira abokinsa da ya gaji, yakan dawo gida da wata natsuwa da faɗanmu na shekara bai sa masa ba. Amma tafiyar farko ana auna ta ne da ƙarfin yaron da ya fi kowa rauni a cikin ayarin, ba da sunan dutsen ba, ba kuma da ƙarfin shugaban da ya saba ba.

Na koyi wannan ne da kuskurena. Shekarun baya na kai ɗalibaina mata hawan Dutsen Dala, wanda yake cikin gari, ga matakala, ga gidaje kewaye da shi. Na raina abin. Jiran mota da jiran masu makara suka sa ba mu fara hawa ba sai da rana ta take, kuma a watan Afrilu. Ruwan da muka riƙe bai kai ko'ina ba. Wata yarinya jiri ya ɗebe ta, muka sauko da ita a riƙe, ni kuwa gabana yana ta faɗuwa ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarta. Allah Ya kiyaye. To in Dala ya yi mana haka, ina ga dajin da sai an yi yini ana tafiya kafin a ga titi?

Saboda haka abu na farko da za ki tambaya shi ne tsawon tafiyar. A Ingila akwai wani shiri na horar da matasa da aka kafa a 1956 da sunan mijin Sarauniya Elizabeth, wanda ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa. A matakinsa na farko, na 'yan shekara 14, tafiyar yini biyu ce da kwana ɗaya tak, cikin ƙaramin rukuni na mutum 4 zuwa 7, kuma sai an horar da su tukuna. Mutanen da suka shafe shekaru masu yawa suna wannan aiki ke nan, ba su fara da kwana biyar ba. Kwana ɗaya ya isa yaro ya gane ko takalminsa na cizo, ko bargonsa ya yi kaɗan, kuma in abin bai yi daɗi ba, gobe yana gida.

Sai lissafin sa'o'i, kuma ke ma za ki iya yin sa a zaune. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ƙa'ida a 1892: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Amma wannan na babba ne mai ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Yara masu kaya a baya, ga hutu, ga salla, ga mai ɗaure igiyar takalmi, ni nakan lissafa musu kilomita 3 a awa. In shugaban ya ce miki kilomita 20 za su yi a rana, kin ga kusan awa bakwai ke nan ba hawa ba hutu. Ya yi yawa. Kilomita 6 zuwa 8 a rana ta isa farawa, a fita bayan asuba, a isa masauki kafin la'asar.

Nauyin jaka kuwa, abin da masana tafiya suka saba faɗa shi ne kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Yaro mai kilo 40, jakarsa kilo 8. A nan ne maganar ruwa take shigowa, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce. In ya ɗauki lita 3, saura kilo 5 ga bargo da abinci da sutura. Ashe ke nan ba zai yiwu yaro ya ɗauki ruwan kwana biyu na sha da girki da alwala a bayansa ba. Dole a zaɓi hanyar da ke da rijiyar burtsatse ko ƙauye a kanta, kuma wani babba ya je ya gani da idonsa a makon tafiyar, ba labarin bara ba. Ruwan rafi sai an tafasa. Mu iyaye mata ma da laifinmu: garin tausayi sai mu cika jaka da dambun nama da cincin da atamfa uku, yaro ya fita kamar mai ƙaura.

Lokaci ma zaɓi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, a bar shi. Da damina kwarin da yake a bushe yakan cika da ruwa cikin ɗan lokaci ko da a nesa aka yi ruwan, ga tsawa a kan duwatsu, ga santsi. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, sai dai sanyin dare, musamman a Jos, ba abin wasa ba ne.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce: in wani abu ya faru, minti nawa ne zuwa inda mota take, kuma wane asibiti? Akwai sabis na waya a hanyar? A ƙasarmu akwai kububuwa, har asibiti na musamman aka yi a Kaltungo ta jihar Gombe saboda sarar maciji. Ki tambayi shugaban me zai yi in maciji ya sari yaro. In ya ce zai tsaga wurin ko ya ɗaure tamau da igiya, to bai samu horo ba. Abin yi shi ne a kwantar da yaron, a hana ƙafar motsi, a garzaya asibiti. Batun tsaro kuma ba sai na faɗa miki ba. Dazuzzuka irin na Kamuku a yankin Birnin Gwari sun sha fama da 'yan bindiga. Duk wurin da mai unguwa da jami'an tsaron yankin ba su san da zuwan yaran ba, kada ki sa hannu.

Kada ki ɓoye lalurar ɗanki don kada a hana shi zuwa. Mai sikila, ƙishirwa da sanyi da gajiya suna tayar masa da ciwo, sai likitansa ya yarda. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. In 'yan mata ne, ya zama mata ne ke jagorantarsu, aƙalla manya biyu, da keɓantaccen wurin kewayawa da audugar mata, domin yarinya za ta iya yini cikin wahala ba ta faɗa ba. Sabon takalmi kuwa bororo yake kawowa, a ba shi wanda ƙafarsa ta saba da shi, da safa mai kauri.

Ina za a je ke nan? A fara da gwaji na safiya ɗaya a kusa, kamar Dala ko Goron Dutse ga mutanen Kano, da jakar a baya yadda za a ɗauke ta ranar tafiya. Bayan nan a yi kwana ɗaya a harabar wata makaranta da ke kusa da dutse. In ana son wuri mai malamai, akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta horar da matasa a duwatsun Shere kusa da Jos, wadda asalinta ya faro tun 1951, sai shugabanni su tuntuɓe ta su ji tsarinta.

Maƙwabciyata ta ɗauki tambayoyin nan ta je ta samu matar shugaban ƙungiyar, wasu iyayen ma suka bi bayanta. An ɗage Taraba, an koma kwana ɗaya. Yaron ya yi fushi na kwana biyu. Ranar da ya dawo, ƙafa duk ƙura, abin da ya fara nema shi ne ruwan zafi da tuwo, kuma ko kwanon bai kai kicin ba barci ya kwashe shi a kan tabarma.