Wa Zai Kwanta Wa Wuƙar Likita, Miji Ko Mata?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da muke kauce wa a majalisunmu na hira, alhali kuwa da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda suka kama aiki suka yi iyali, wata rana za su tarar da ita a ƙofar gida. Likita ya duba matar mutum, ya ce zuciyarta ta raunana, in ta sake ɗaukar ciki ranta yana cikin haɗari. To, ga larura ta zo, sai an tsai da haihuwa ɗungurungum. Jikin wa za a taɓa?

A wurinmu amsar ba ta da wuya: a juya wa matar mahaifa. A haƙiƙa ba juya ta ake yi ba. Bututu biyu da ƙwai ke bi zuwa mahaifa su ake ɗaurewa ko a datse, kuma ba a isa gare su sai an huda ciki, sau da yawa da allurar barci. Wuƙa tana iya shafar hanji ko mafitsara. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1996 ya nuna cewa cikin shekara 10, kimanin mata 18 a kowace 1,000 sun sake ɗaukar ciki, kuma wajen sulusin waɗannan cikkunan a wajen mahaifa suka zauna, abin da ke iya kisa.

Na namiji fa? Bututu biyu ne su ma, masu ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga maraina, suna nan dab da fata, har likita yana jin su da yatsa. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, kafin rabin awa an gama, mutum ya koma gida da ƙafarsa. Tun 1974 wani likitan ƙasar Sin, Li Shunqiang, ya fito da dabarar yin aikin ta ɗan ƙaramin huji, ba yanka. Cikas ɗinsa shi ne ba ya aiki nan take, sai an jira kamar wata 3 an gwada maniyyi an tabbatar. Bayan haka da ƙyar ake samun mutum 1 cikin 2,000 da aikin ya ɓaci.

Duk da haka, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2019 ta nuna mata miliyan 219 ne aka yi wa nasu, na maza kuwa bai wuce miliyan 16 ba.

Maza sukan ce dandaƙa ce. Wannan jahilci ne, kuma abin kunya ne a ji shi a bakin mai digiri. Ba a cire komai ba. Sha'awa, da ƙarfi, da murya, da gemu duk suna nan yadda suke. Amma na yarda tsoron yana da tarihi. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, an yi wa mutum fiye da miliyan 8 aikin a shekarar 1976 zuwa 1977, yawancinsu maza talakawa, da yawa bisa tilas. Gwamnatin ta faɗi a zaɓen 1977. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne a ƙyale maza a koma kan mata. A 2014, a Bilaspur, mata 13 suka mutu bayan likita ɗaya ya yi wa 83 aiki cikin 'yan sa'o'i. Ba gwamnatin da ta faɗi saboda su.

Ban manta da addini ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta kawar da haihuwa har abada, ga namiji ko mace, sai bisa larura. Wani malami zai ce larurar a jikin matar take, don haka ita za a yi wa. Hujja ce mai nauyi. Haka nan in an riga an buɗe ciki don ciro jariri, ɗaure bututun ƙaramin ƙari ne, kuma ba na jayayya da shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne hujjar da maza ke ɓoyewa a zuci: in na ƙara aure fa? Maigida yana tanadin gobensa, watau. Ita matar ba ta da gobe ne? Kowa ya san yawan saki a garuruwanmu, ya kuma san yadda ake kallon bazawarar da aka ji ba ta haihuwa. Mijinta zai iya mutuwa, 'ya'yanta za su iya mutuwa. Ana iya gwada sake haɗa bututun, nata ko nasa, amma da tsada, kuma ba tabbas.

Saboda haka ina kira ga abokanmu na sashen koyon aikin likita: ku zaunar da ma'aurata tare, ku faɗa musu aikin biyu ne, ku ambaci robar mahaifa da ashanar hannu masu shekaru suna aiki kuma ana cire su. In an zo sa hannu a takarda, ku nemi na wanda za a yanka, tun kafin naƙuda ta kama ta.