Wasiƙa ga Masu Ɗaukar Hoton Hawa da Dambe: Kafin Ku Zuba Kuɗi a Babbar Kyamara

'Yan uwana masu hoto na Kankiya da Kusada da kewaye,

Zancen babbar kyamara ya cika majalisunmu. Wane yana neman sayar da gona ya ɗauko Nikon Z9, wane ya rantse sai Canon R1. Ba zan hana kowa ba, kaya ne na gaske. Z9 ta fito a 2021 a kan dala 5,500, R1 kuma aka sanar da ita a Yulin 2024, ana gab da Olamfik na Paris, a kan kusan dala 6,300, duk ba a sa kuɗin gilashi ba. Ku juya wannan zuwa naira da kanku. Roƙona ɗaya ne: kada takardar kamfani ta yanke muku hukunci. An ƙera waɗannan kyamarorin ne don filaye masu ciyawa da manyan fitilu, mu kuwa a cikin ƙura muke neman abinci.

Abin da za ku fara dubawa shi ne saiti. Kyamarar zamani ido da fuska take nema ta kama da kanta. To, ga mahayi ya taso a guje zai yi jahi a Ƙofar Soro ta Katsina. Amawali ya rufe masa baki da hanci, rawani ya yi wa ido inuwa, a gabansa ga kan doki cike da ado, ga mashi, ga hayaƙin 'yan bindiga bai washe ba. Ina fuskar da za ta kama? Sau da yawa sai ta tsallake shi ta manne wa kayan doki, ko ta koma kan dogarin da ke tsaye a gefe, tunda shi fuskarsa a fili take. Wannan ba a gane shi a cikin shago. Ku kai ta inda ake sukuwa, doki yana fuskantar ku, ku saki hotuna a jere, sannan ku buɗe su a kwamfuta, ba a ɗan allon bayanta ba, don shi kowane hoto kyau yake yi masa. Ku ƙirga nawa ne idon mahayi ya fito tas. Wannan lissafin ya fi duk abin da dillali zai faɗa muku. Ku kuma sani Canon R6 Mark II ta 2022 tana gane doki, kuma kuɗinta bai kai rabin na R1 ba.

Sauri kuwa shi ke ruɗar yara. Sony a9 III tana iya ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa guda. Fasaharta ta gaskiya ba nan take ba: tana ɗauke dukkan hoton a lokaci ɗaya, ba layi bayan layi ba, don haka mashi ko sandar folo ba sa lanƙwashewa a hoto, abin da ke damun ƙananan kyamarori idan aka sa su ɗauka shiru. Mai bin folo a Katsina, inda ake buga shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, yana da hujjar sha'awar ta. Amma hoto 120 a daƙiƙa, wa zai zauna ya tantance, alhali mai doki yana jiran nasa a WhatsApp kafin magariba? Ga memorin CFexpress da ɗan karen tsada. 15 zuwa 20 sun wadatar da hawa. Abin da na fi ganin amfaninsa ga mai bin dambe shi ne yadda Z9 ke ajiye abin da ya faru har daƙiƙa ɗaya kafin ka gama danna maɓalli. Kisa ba ya sallama. Kafin yatsa ya motsa, mutum ya kai ƙasa.

Sai haske. Farar babbar riga da baƙar fuska a tsakar rana, ku gani ko kyamarar za ta riƙe aikin zaren wuya ba tare da fuska ta dushe ba. Sannan ku jira dambe ya kai bayan magariba, an kunna fitilun janareta, ku sa ƙiftawa a 1/1000, ku dubi irin dusar da za ta fito. A nan gilashi ke nuna kansa. Tsohuwar Canon 7D Mark II ta 2014 ko Nikon D500 ta 2016, masu hoto 10 a daƙiƙa, in aka ɗaura musu gilashin 70-200 mai f/2.8, sun fi sabuwa dal da aka liƙa wa gilashin araha. Wanda kuɗinsa ba zai sayi biyun ba, gilashi zai fara saya.

Ƙura da hazo kuma ba su san tsada ba. Z9 tana da ɗan murfi da ke rufe cikinta idan an kashe ta, amma duk da haka kada ku canja gilashi a fili. In ta lalace, sai Kano ko Legas, kuma wani ɓangaren sai an yi odarsa daga waje, Sallah ta wuce kana jira. Sababbin suna shan batir fiye da tsofaffi, kun kuma san halin wutarmu, don haka ku sa kuɗin batir uku a lissafi. Mai sayen ta hannu ya nemi a nuna masa adadin ƙiftawar da ta yi, ya haska cikin gilashin ya duba hunhuna.

Af, dogon gilashi yana sa a manta nisa. Kada ido na cikin kyamara ka tsaya a hanyar doki, ka samu yaro a gefenka yana duba maka.

Wanda ya ƙudura sai ya saya, ya fara hayar ta ko ya aro a wurin abokin sana'a, ya bi tawagar Kusada ko ta Kankiya zuwa Katsina, ya yi hawan Sallah da hawan Bariki da ita. Ya kuma rubuta nawa masu dawaki suka biya shi a kwana biyun, ya raba kuɗin kyamarar da wannan, ya ga Sallah nawa zai yi kafin ta fanshi kanta.

Wassalam.

Ɗan uwanku a sana'a, daga Dudunni.