Kitson Kaka Ma Tarihi Ne

Wannan makon daga Zuru muke rubuto muku, inda muka ɓata yammacin Asabar guda muna musu a kan wani littafin hotuna da malaminmu na tarihi ya ara mana.

Littafin na J.D. 'Okhai Ojeikere ne, mai ɗaukar hoto ɗan asalin jihar Edo ta yanzu. An haife shi a 1930, ya rasu a Legas a 2014. Tun daga 1968 ya shiga ɗaukar hoton kitson mata a titi da ofis da gidajen biki, har ya tara kusan hoto 1,000. An buga littafin a shekarar 2000. Hotunan baƙi da fari ne, kuma da yawansu ta baya ya ɗauka, ba ka ganin fuska sai ƙeya da kitso.

Nan fa aka rabu gida biyu. Wasu suka ce ina Najeriya a nan? A 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, shi kuma ya tsaya ɗaukar gashin mata. Suka ƙara da cewa sun buɗe shafi bayan shafi ba su ga abin da ya yi kama da namu ba.

Sauran suka ce a sake dubawa. Akwai wani dogon kitso da ake kira Onile Gogoro, wanda Yarbawa suka raɗa wa suna saboda dogayen benen da suka fara tasowa a Legas. Wato kan mace ma yana ba da labarin zamaninta. Yaƙi kuwa ya samu masu ɗaukarsa da yawa, amma kitson da gashin kanti ya zo ya kora, da Ojeikere bai ɗauka ba da yanzu sai dai a ba mu labari.

Musun bai mutu ba sai da wata 'yar aji biyu ta tambaya: "To, wa ke da hoton kakarsa tana daka, ko na rumbun gidansu?" Aka yi tsit. Muka duba wayoyinmu, hoton kanmu ne birjik, an karkace baki an ɗaga yatsu biyu.

Ra'ayinmu shi ne, rashin Zuru a littafin ba laifin Ojeikere ba ne, ya ɗauki abin da ke gabansa. Mu ga Uhola a gabanmu duk shekara, ga dattawan da suka yi noman golmo kafin a ba su aure, kuma kullum raguwa suke yi. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.

Don haka ga aikin hutu. Kowa ya ɗauki hoto goma na rayuwar gidansu ko unguwarsu. A nemi izini tukuna, musamman wajen iyaye mata, wanda ya ƙi a ƙyale shi. A rubuta rana da wuri, da sunan abin da Hausa da kuma C'lela ko wani yaren gidanku. Sannan a wanke ko da uku ne a takarda, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.