Akwatin yana Gidan Sori, makullinsa yana Maradi



Ran Laraba, saura minti ashirin mu shiga labarai, kwamfutocin gidan rediyo suka daina samun intanet. Rezo na shigowa har cikin akwatin da ke rarraba shi, amma ya ƙi wucewa. Na kira yaron da ke kula mana da na'urori, ashe yana Maradi. Na ce to sai ka nemi mota. Ya yi dariya, ya ce in ba shi minti biyar. Wallahi ban gama shan shayina ba komai ya dawo.

Da ya zo na tsare shi da tambaya. Ya ce ko umurni ɗaya bai buga da hannu ba. Akwai ɗan tsarin da ya rubuta tun tuni, shi ke shiga akwatin daga nesa: ya ba da suna da kalmar sirri, ya jira amsar na'ura, ya jera mata umurni ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Ta wata hanya da ake kira SSH yake bi, wadda aka ƙirƙiro a Finlan a 1995, mai ɓoye abin da ake aikawa. Tsohuwar hanyar, Telnet, a fili take barin kalmar sirri, shi ya sa ya guje ta. Kuma tsarin nan guda yana iya zagaya akwati ɗari a dare ɗaya, mai shi na barci.

Ni dai ina goyon bayan abin. Wanda ya san nisan Yamai da Maradi, fiye da kilomita 600, ya san hanyoyin ƙauyukanmu da damina, ba zai so a ce kowace ƴar matsala sai an jira mota ba.

Amma akwai inda hankalina bai kwanta ba. Kun tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka mutu wajen awa shida? Mu nan har muka riƙa zagin rezo, alhali ba ruwansa. Umurni ne aka aika wa na'urorin kamfanin lokacin gyara, tsarin da ya kamata ya tace shi ya hana shi wucewa kuma yana da kuskure. Umurnin ya datse har ƙofar da injiniyoyin ke shiga daga nesa. Dole aka tura mutane da ƙafarsu inda na'urorin suke.

To in a Amurka sai da aka taka, ina ga Gidan Sori, ko wani ƙauyen Gazawa ko Agye? Saurin da ke gyara akwati ɗari shi ke kashe ɗari. Mai jiran kuɗi daga ɗansa da ke ci-rani, da ungozomar da ke neman motar asibiti cikin dare, su ne za su ji a jikinsu.

Roƙona ga kamfanoni da magadan gari: a gwada kowane sabon umurni kan na'ura ɗaya kafin a sakar wa sauran, a adana tsohon saiti. Sannan kowace karamar hukuma ta samu matashi ko ɗaya da aka horar, wanda zai iya buɗe akwatin ya jona waya ya maido da shi. Ga ɗalibai nan na fitowa daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna zaman jiran aiki.

Na tambayi yaronmu, in tsarinsa ya kulle shi waje fa? Ya ce ranar sai mota, kuma kuɗin mai a wuyanmu.