LAFIYA JARI: Yogar 'yan Indiya za ta iya zama sana'a a Zamfara?

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san wannan sin ɗin: gari ya waye, jaruma ta fito lambu, ta shimfiɗa 'yar tabarma, ta tanƙwashe ƙafa, ta rufe ido ta na jan numfashi a hankali. Wannan abin shi ake kira yoga. A da 'yan kallo dariya su ke yi in an zo wurin, wasu ma su tura kaset gaba don su isa wajen waƙa. Yanzu kuwa da waya ta shiga hannun kowa, ga kuma fassarar Algaita ta sa ana jin abin da jaruman ke faɗa, samari da 'yan mata sun fara kwaikwayo a ɗaki, har wasu na tunanin mai da abin sana'a. Za a iya kuwa, har a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Amma fa sai an san ta inda aka ɗauko shi.

Cikin taurarin Indiya ba wadda ta ci kasuwar yoga kamar Shilpa Shetty, jarumar 'Baazigar' na 1993 da 'Dhadkan' na 2000. Ta sha faɗa cewa ciwon wuya ne ya kai ta ga yoga. Bayan ta ci gasar Big Brother ta Ingila a 2007, sai ta fitar da faifan koyar da yoga, abin ya zame mata wata sana'ar bayan fim. Yoga dai ta yi nisa a duniya, domin tun a Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yunin kowace shekara a matsayin ranar ta.

To amma Gusau ba Mumbai ba ce. Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da shari'a a Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma duk wanda ya kafa allo ya rubuta "Gidan Yoga" tun kafin ya yi ciniki za a tambaye shi: shin wannan ba bautar Hindu ba ce? Tambayar na da tushe. A asalin yoga akwai karanta wasu kalmomi na addinin Hindu, akwai kuma wani jerin sunkuye-sunkuye da su ke kira gaida rana. Saboda irin waɗannan ne majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta a 2008. A farkon 2009 malaman Indunisiya su ka rarrabe abin: in da waɗancan karance-karance, haramun, in motsa jiki ne zalla, ba laifi. Ita kuwa Saudiyya a 2017 ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki, bayan ƙoƙarin wata 'yar ƙasar mai suna Nouf Marwaai.

Ke nan mai son wannan sana'a a Zamfara ya ɗauki miƙar jiki da gyaran numfashi, ya bar wa masu abu abin su. Ya kira wurin sa gidan motsa jiki kurum. Kafin ya shimfiɗa tabarma ko ɗaya, ya je wa limamin unguwa da mai unguwa da ofishin Hisba, ya nuna masu abin da zai koyar ɗaya bayan ɗaya. 'Yan fim sun fi kowa sanin abin da ke faruwa in hukuma ta ji labarin mutum a bakin wasu.

Sai babbar magana: wa za a yi wa wurin? Yawancin matasa in su ka ji motsa jiki, ƙirjin Salman Khan ke faɗo masu a rai, da gidan ɗaga ƙarfe mai madubi da kiɗa. Masu wannan buƙatar ba su da yawa, kuma sun san inda za su. Waɗanda su ka fi buƙata su na can ba wanda ya tuna da su.

A Fabrairun 2019 'yan bindiga su ka afka wa Ruwan Ɓore a Ƙaramar Hukumar Gusau, su ka kashe mutane, cikin su har da 'yar'uwar Sanata Kabiru Marafa, wanda a lokacin ya ke wakiltar Zamfara ta Tsakiya. Ƙauyuka da dama a yankin Mada da Tsafe da Bunguɗu sun ga irin wannan rana, kuma mutanen su da yawa sun dawo gari su na raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangaye. Matar da ta saba daka da surfe da ɗebo ruwa, yau ta na zaune wuri ɗaya daga safe har dare, ga tunani, ga rashin barci, abu kaɗan ya faɗi gaban ta ya yanke. Dattijon da ya bar gonar sa haka ya ke wuni a gindin bishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau 5. Wannan ba ya buƙatar inji ko wutar NEPA.

Shi ya sa jarin sana'ar bai da nauyi: tabarmi, randar ruwa, wuri mai katanga da inuwa, sai na'urar awon jini. Maza su zo bayan Asuba kafin a fita nema. Mata kuma da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, a cikin gida, mace ce ke koyarwa, ba namiji ko a zaure, kuma ba ɗaukar hoto. Kowa ya san yadda bidiyo ɗaya a waya ke tarwatsa mutuncin mutum da na sana'a gaba ɗaya. Matan da ba sa fita, malama ta bi su gida kamar yadda mai kitso da mai lalle ke yi. Tsoho mai ciwon gwiwa ya yi nasa a kan kujera. Masu keken guragu a gyara masu ƙofa ba tudu. Wanda ya taɓa ganin ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ba zai ce ba su da ƙarfi ba.

Kuɗin shiga kar ya wuce na gidan kallon ƙwallo. Ma'aikaci da ɗan kasuwa su biya na wata, a cikin nasu a ɗauke wa 'yan gudun hijira. In an ce kyauta ce ga kowa, wata biyu wurin zai rufe. In an tsauwala, sai ya koma na 'yan GRA. A kuma yi wa sunan rajista a CAC, a riƙa rubuta shige da fice a littafi.

Gargaɗi ɗaya: kallon faifan Shilpa bai mai da kowa malami ba. Mai koyarwa ya nemi horo wurin waɗanda su ka karanci motsa jiki ko gashin ƙashi, kuma ya san iyakar sa. Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, duk sai da iznin likita. Wanda firgici ya hana barci kwana da kwanaki a raka shi FMC ta Gusau. Duk wanda ya ce da numfashi zai warkar da ciwon suga, ɗan damfara ne.

Su ma furodusoshi da daraktocin Kano da Kaduna akwai nasu kason. Kullum a fim in Alhaji ya ji mugun labari sai ya dafe ƙirji ya faɗi, sai asibiti, sai ƙarin ruwa. Me zai hana a nuna Hajiya da maƙwabtan ta su na miƙa jiki a tsakar gida cikin suturar su? Ɗinkin da jaruma ta sa a fim, sati biyu ya cika shagon tela. Wannan ma haka zai bazu.

Sai wata na gaba, in Allah ya so.