Kada a sa aska kafin a auna jini

Kai uba, ke uwa, idan hannun jaririnku ya kumbura, ya yi ja ko shuɗi-shuɗi, ya yi tauri da zafi, maƙwabta za su ce maruru ne, a kira wanzami ya yi sakiya. Shawararmu ita ce kada aska ta taɓa wannan hannu sai an auna jinin yaron.

Gaskiya ne, sau da yawa kumburin hannu ƙurji ne, da mugunya ta fita sai a samu sauƙi. Amma kama da wane ba ta wane. Akwai wani ƙari mai tsirowa daga jijiyoyin jini, wanda likitoci ke taƙaita dogon sunansa da haruffa uku, KHE. Ba a cika samunsa ba, kuma ya fi kama jarirai a shekararsu ta farko. Da wuya ya bazu zuwa huhu ko hanta kamar ciwon daji. Amma inda ya zauna yana ratsa fata da kitse da tsoka, wani lokaci har ƙashi. Hannu kuwa wuri ne matsattse, ƙarin ba ya daɗewa sai ya hana yatsu lanƙwashewa.

Babban haɗarinsa yana cikin jini. Akwai ƙananan ƙwayoyi masu sa jini ya daskare idan an ji rauni. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a mikrolita guda. Wannan ƙari yana tsare su a cikinsa, har su faɗi ƙasa da 50,000. Likitoci biyu a Amurka, Kasabach da Merritt, su suka bayyana wannan hali a 1940. Yaron da ke cikinsa, idan aka tsaga masa kumburin ko aka yi masa ƙaho, jini ne zai zuba, kuma yana iya ƙin tsayawa. Haka gargaɗin yake ga malamin asibitin ƙauye. Idan kuka ga ɗige-ɗigen jini a fatar yaron, ko haɓo, ko jini a dasashi, ku kawo shi a ranar.

A asibiti za a fara da awon jini, sannan hoton ekografi. Ana iya tura ku Maraɗi, Damagaram ko Yamai don hoto mai zurfi. Wani lokaci ana ɗibar ɗan nama a duba da madubin likita, bayan an tabbata jinin zai daskare. Da haka ake bambanta shi da jan tabon nan mai laushi na jarirai, wanda yakan lafa da kansa cikin shekaru.

Idan ƙarin ƙarami ne mai iyaka, ana cire shi da tiyata. Idan ya ratsa tsoka, magani ake bayarwa: firedinizolon, ko allurar binkiristin ta jijiya, ko sirolimus na sha. Magani ne na watanni da yawa. Yana rage garkuwar jiki, don haka ko zazzaɓi kaɗan ku komo, kuma ku faɗa wa masu rigakafi abin da yaron ke sha. Kada ku daina don kun ga kumburi ya sabe, yana iya dawowa.

Mun san abin da ke riƙe ku a gida: kuɗin mota, aikin gona, da tsoron a ce za a yanke hannu. Kuɗin da yawa, ba mu musa ba. Amma likita so yake hannun ya tsira, kuma jinkiri da tsaga su ke rage masa dabara. Da wannan hannu yaronku zai ci tuwo, ya riƙe alƙalami da hauya. Ku kawo shi tun kumburin yana ƙarami, ku roƙi a auna jininsa tukuna.