Harajin Gida a Biranen Amurka: Inda Ake Tauye wa Talaka Mudu

Harajin gida shi ne kuɗin da mai gida ke biyan hukuma duk shekara gwargwadon kimar gidansa da filin da gidan yake kai. A Amurka gwamnatin tarayya ba ta da hannu a cikinsa. Gundumomi da birane da hukumomin makarantu ne ke karɓa, kuma daga gare shi ƙananan hukumomin ƙasar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na harajin da suke tarawa. Da shi ake biyan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, a gyara tituna, a kula da ɗakunan karatu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin makarantun gwamnati daga nan yake fitowa.

Lissafinsa ba wuya. Jami'in ƙiyasi ya yanke wa gida kima, hukuma ta yanke kason da za a biya. Gidan da aka yi wa kimar dala 300,000 a garin da ake karɓar kashi 2 cikin 100 zai biya dala 6,000 a shekara. Kason ya bambanta daga jiha zuwa jiha: a New Jersey da Illinois yakan kai kashi 2 ko ya ɗara, a Hawaii kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Shi kaso a bainar jama'a ake yanke shi, majalisa ta yi muhawara, jaridu su buga. Ita kuwa kima a cikin ofis ake yanke ta, gida-gida, ba tare da maƙwabci ya san abin da aka rubuta wa maƙwabcinsa ba sai in ya je ya bincika. A nan ne adalcin wannan haraji yake tabbata ko ya rushe.

Kafin a kai ga haraji sai an fahimci abin da ke yanke farashin gida. Gidaje biyu masu ɗakuna iri ɗaya da gini iri ɗaya, ɗaya zai iya ninka ɗaya kuɗi sau biyar a gari guda, domin mai saye unguwa yake saye tare da ginin: tsaronta, kusancinta da wurin aiki, da makarantarta. A yawancin biranen Amurka yaro makarantar unguwarsu yake shiga. Makaranta mai kyau tana ɗaga farashin gidajen da ke kewaye da ita, gidaje masu tsada suna kawo haraji mai yawa, harajin kuma ya ƙara gyara makarantar. Unguwar talakawa ma haka abin yake juyawa, sai dai ita ƙasa take yi.

Doka ma tana da nata rabon a tsadar. Tun 1916 birnin Berkeley na jihar Kalifoniya ya keɓe wata unguwa da ba a yarda a gina komai a cikinta ba sai gidan iyali ɗaya mai zaman kansa, a 1926 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa birane tsara unguwanni da doka. Wani bincike da jaridar New York Times ta buga a 2019 ya nuna cewa a birane da yawa kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama an haramta gina komai a kansu in ba irin wannan gida ba. Idan jama'a na ƙaruwa kuma doka ta hana ƙara gidaje a fili guda, dole farashi ya hau. A 2022 matsakaicin farashin gida a ƙasar ya haura dala 400,000. Birnin Minneapolis ya ga illar haka, a ƙarshen 2018 ya amince da tsarin da ya ba da damar gina mazaunin iyali uku a filin da a da na iyali ɗaya ne.

Akwai kuma tabon tarihi. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin da ta ce ba da bashin sayen gida a cikinsu kasada ne, kuma unguwannin baƙar fata na daga cikin waɗanda aka fi shafa wa. Sai a 1968 aka kafa dokar hana wariya a harkar gidaje. Har yau gidajen da yawa daga cikin waɗancan unguwanni ba su kama na sauran gari a farashi ba.

Mai hankali zai zaci tunda gidan talaka ba shi da tsada, to harajinsa ma zai yi sauƙi daidai gwargwado. Bincike ya nuna akasin haka. A 2021 Christopher Berry na Jami'ar Shikago ya kwatanta kimar da hukumomi ke rubutawa da kuɗin da aka sayar da miliyoyin gidaje a faɗin ƙasar. Ya gano cewa a gari guda, idan aka auna da ainihin farashi, kimar da ake ɗora wa gidaje mafi arha ta kan ninka wadda ake ɗora wa gidaje mafi tsada. Wasu masana tattalin arziki biyu, Carlos Avenancio-León da Troup Howard, sun gano cewa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suna ɗaukar nauyin haraji da ya ɗara na fararen fata da kashi 10 zuwa 13 cikin 100, alhali hidimar da hukuma ke yi musu ɗaya ce.

Dalilan a fili suke. Jami'in ƙiyasi ba ya shiga cikin gidaje. Da faɗin fili da shekarun gini da yawan ɗakuna yake lissafi, irin wannan lissafi kuma yakan ja kowane gida zuwa tsaka-tsaki: ya ɗaga na ƙasa, ya sauke na sama. Rufin da ke yoyo a gidan talaka bai shiga takarda ba, haka ma marmara da aka shimfiɗa a gidan attajiri. Sannan hukumomi da yawa sukan yi shekaru ba su sabunta kima ba, unguwar da ta bunƙasa ta ci gaba da biya a kan tsohon farashi, wadda ta durƙushe ita ma ta ci gaba da biya a kan farashin da ta daɗe da rabuwa da shi. Na uku shi ne ƙorafi. Doka ta ba kowa damar ƙalubalantar kimar da aka yi masa, amma mai lauya da lokaci da sanin hanya shi ke zuwa. Tunda adadin kuɗin da hukuma ke son tarawa ba ya raguwa, duk abin da aka sauke wa mai ƙarfi a kan wuyan marar ƙarfi yake sauka. Mai awon da ke auna wa attajiri da cikakken mudu, ya auna wa talaka da tauyayye, kowa ya san sunan aikinsa, ko da kuwa farashin da ya kira wa su biyun ɗaya ne.

A gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta, jaridar Chicago Tribune ta fallasa wannan a 2017. Ta nuna yadda ofishin ƙiyasi ya daɗe yana tsawwala wa gidaje masu arha yana sassauta wa masu tsada. Berry ya ƙiyasta cewa daga 2011 zuwa 2015 a Shikago an karkatar da nauyin haraji na kusan dala biliyan 2.2 daga gidajen da aka rage wa kima zuwa waɗanda aka ƙara wa. A daidai wannan lokaci manyan 'yan siyasa biyu, Michael Madigan, kakakin majalisar wakilan jihar Illinois, da Edward Burke, ɗan majalisar birnin, kowannensu yana da ofishin lauyoyi da ke neman wa masu manyan gine-gine ragin haraji. Masu zaɓe sun mayar da martani a 2018, suka kayar da shugaban ofishin ƙiyasin, Joseph Berrios, a zaɓen fidda gwani.

Abin da ya faru a Detroit ya fi muni. Birnin da ya kai mutum miliyan 1.8 a 1950 ya dawo ƙasa da 640,000 a 2020, a 2013 ma ya bayyana a gaban kotu cewa ya tsiyace. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 farashin gidaje ya faɗi warwas, amma ofishin ƙiyasi bai sauke kima daidai da faɗuwar ba. Tsarin mulkin jihar Michigan, wadda Detroit ke cikinta, ya hana a yi wa gida kimar haraji da ta wuce rabin farashinsa na kasuwa. Binciken Bernadette Atuahene, malamar shari'a, ya nuna cewa daga 2009 zuwa 2015 an keta wannan iyaka a kan kashi 55 zuwa 85 cikin 100 na gidajen birnin, ya danganta da shekara. Jaridar Detroit News ta lissafa a 2020 cewa an karɓi aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙa'ida daga masu gidaje tsakanin 2010 da 2016. Dokar jihar ta ce wanda bashin haraji ya kai shekara uku a kansa a ƙwace gidansa a yi gwanjo, kuɗin ruwa kuma yakan kai kashi 18 cikin 100. Tsakanin 2011 da 2015 an ƙwace kadara ɗaya cikin kowace huɗu a birnin. Da yawa daga waɗanda aka kora talakawa ne da doka ta yafe wa harajin tun farko, sai dai ba a sanar da su ba, ko kuma aka cika hanyar neman yafiyar da takardu.

Wasu hukumomin ba su tsaya a kan bashinsu ba. A gundumar Oakland ta Michigan an ƙwace gidan wani dattijo saboda giɓin dala 8.41 a biyansa, aka sayar a kan dala 24,500, hukuma ta riƙe kuɗin duka, har sai da kotun ƙolin jihar ta haramta hakan a 2020. A Minneapolis bashin wata tsohuwa ya tashi daga kusan dala 2,300 zuwa 15,000 saboda tara da kuɗin ruwa, aka sayar da mazauninta dala 40,000, ba a mayar mata da ko sisi ba. A watan Mayun 2023, tana da shekara 94, alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara suka haɗu baki ɗaya cewa hukuma ba ta da ikon riƙe abin da ya wuce bashinta.

Jihar Kalifoniya ta ɗauki wata hanya dabam, ita ma ta haifi nata rashin adalcin. A shekarun 1970 farashin gidaje ya yi ta hawa, haraji ya bi shi, tsofaffi 'yan fansho suka shiga fargabar rasa gidajen da suka gama biya. Kukan nasu gaskiya ne, domin tsadar gida ba kuɗi ba ne a aljihu. A Yunin 1978 masu zaɓe suka amince da Ƙuduri na 13: haraji ba zai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kima ba za ta ƙaru fiye da kashi 2 a shekara ba, sai ranar da aka sayar da gidan a sabunta ta. Sakamakon shi ne maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, matashin da ya saya bana yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da wanda ya saya shekara 40 da suka wuce ke biya, ko da tsohon mai gidan hamshaƙi ne. Attajirin nan Warren Buffett da kansa ya faɗa a 2003 cewa gidansa na dala miliyan 4 a Kalifoniya yana biyan dala 2,264 a shekara, na garin Omaha da ke wata jiha kuwa mai dala 500,000 yana biyan 14,401.

Duk wannan ba hujja ba ce ta ƙin biyan harajin gida. Darajar fili a birni jama'a ne suka ƙera ta da tituna da ruwa da makarantu da kasuwanni, saboda haka daidai ne mai fili ya mayar da wani abu. Gida kuma ba a ɓoye shi, ba a tsallakar da shi wata ƙasa. Sharuɗɗan adalcinsa ne ya kamata a tsare, kuma an san su. A riƙa sabunta kima a kai a kai bisa farashin da aka sayar da gidaje a zahiri. A buga kimar kowane gida inda kowa zai gani, a kuma buga duk shekara yadda ta yi daidai ko ta saɓa da kasuwa a kowace unguwa. Ƙorafi ya zama kyauta kuma mai sauƙi, wanda ba ya buƙatar lauya. Rangwame ya bi halin mutum, wato ƙarancin samunsa ko tsufansa, kamar yadda birnin Philadelphia ke sassauta wa waɗanda suka shekara 10 a gidansu idan kima ta yi tsalle. Ƙwace gida ya zama mataki na ƙarshe, abin da ya ragu bayan bashi kuma a mayar wa mai shi.

Darasin ya shafi Najeriya, inda jihohi ke neman kuɗin shiga ido rufe. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje domin haraji. Legas ta haɗe harajin fili da na gida wuri ɗaya a 2001, da ta sabunta dokar a 2018 kuɗin ya yi tsalle, jama'a suka yi ca, aka rage, aka sake doka a 2020. Kaduna da Kano sun kafa KADGIS da KANGIS domin ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Taswira da kwamfuta suna sauƙaƙa karɓar kuɗi, amma Shikago da Detroit ma suna da su a lokacin da suka zalunci mutanensu. Duk gwamnatin da za ta aika wa mai gida takardar haraji, wajibi ne ta fara nuna masa yadda ta ƙiyasta gidansa, nawa ta rubuta wa gidajen manya a unguwannin masu hali, da kuma aikin da ta yi da kuɗin bara. Wadda ta kasa amsa waɗannan uku ba ta da bakin kiran talaka mai ƙin biyan haraji.